Ranar da Salwa Ta Sauka a Anbariyya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga wanda muke zaune a maƙwabtakarsa.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Khaibar lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Na ba Ummanka ita ta saka maka a ƙasan jaka, don ba na son ka buɗe ta a gabana. Ka san kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. To, abin da baki ke jin nauyinsa, alƙalami ba ruwansa. Da Hausa kuma na rubuta da gangan. Na san da Larabci za ka ba ni amsa kamar yadda ka saba, amma ka daure ka bi ta a hankali. Karatun Hausar da na matsa maka ka koya kana kumbure-kumbure, yau ga ranarsa.

Mako uku ke nan da ka tambaye ni zanen akwatin kiran tsuntsu. Ka ce mai gonar dabinon da ya ɗauke ka aiki ya ji wurin 'ya'yan marigayi Ammu Salihu cewa mahaifinka ya taɓa haɗa irinsa da hannu, yana so ka haɗa masa ɗaya kafin lokacin saukar salwa, kai kuma ka riga ka ce masa to. Na ci gaba da kwance fankar da ke gabana. Bayan kwana biyu ka sake tambaya, na ce ka miƙo mini sukudireba. Tun daga ranar gaisuwarka ta gajarce, kada ka zaci ban lura ba. Ummanka ta ce kana ganin ko ban yarda da hannunka ba ne, ko kuwa rowa nake yi maka. Ba na so ka bar gidan nan da wannan a ranka. Ba ko ɗaya ba ne. Kunya ce, kuma zan gaya maka dalilinta tun daga tushe.

Kana goye a bayan Ummanka aka yi abin, muna tsohon gidanmu na Anbariyya kafin a rushe layin. Ammu Salihu ba za ka tuna shi sosai ba. Haifaffen Madina ne, kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Haɗejiya. Motar ruwa yake tuƙawa, Hausarsa rabi Larabci, kuma in kaka ta yi ba shi da zance sai na salwa, wadda Larabawan nan suke kira simman. Wata rana ya shigo shago ya ce ya ga wani akwati wurin wasu mafarauta, ana kunna shi ya yi kukan salwa, tsuntsaye su yi ta sauka. Ya dube ni ya ce, "Ya Haruna, inta da kake gyara lasifikar masallatai, ma tigdar, ba ka iya yi mini irinsa?" Ni kuwa a lokacin ji nake babu abin da ke da waya a jikinsa da zai gagare ni. Na ce masa ya ba ni mako guda.

Wata biyu na yi. Na samo rikodar mota wadda kaset ɗinta ke juyawa da kyau, na ciro amfilifaya daga wata tsohuwar lasifikar masallaci da aka jefar, na sayo batirin babur, na jera su cikin akwatin katako na dabino. Muryar ce ta ba mu wuya. Ammu yana da namijin salwa a keji, muka dinga ajiye rikoda kusa da shi bayan sallar asuba. Tsuntsun nan da ya ga mun matsu sai ya kama bakinsa. Ranar da ya ga dama ya yi kuka, muka kunna kaset muka ji tarin Ammu ya fi kukan fitowa. Sai da na kori Ammu daga ɗakinsa na rufe ƙofa, sannan muka samu murya mai tsabta.

Kuskurena na farko a fitarmu ta farko na yi shi. Muka bi hanyar Khaibar ɗin nan da za ka bi, muka wuce alamar iyakar Harami da nisa, domin ka sani ba a farauta a cikin alfarmar garin nan. Na ajiye akwati a gindin wata ƙaya, na murɗa sauti har ƙarshe. A tunanina in murya ta kai nesa, tsuntsu zai fi yawa. Ko ƙadangare bai tsaya a wurin ba. Ammu ya toshe kunne ɗaya ya ce, "Haruna, salwa muke kira, ba sallar Idi ba." Muka dawo gida da jaka wayam, yana yi mini dariya tun daga can har ƙofar shago.

Ka gaji muryata, Abba, kuma ba yabo nake yi ba. Mu in muna hira a tsakar gida maƙwabta kan zaci faɗa ne. A gona za a sa ka kan injinan ban-ruwa, akwai mutane a ƙarƙashinka, wasunsu sun haife ka. Wanda ka ɗaga wa murya zai yi abin da ka ce muddin kana tsaye, amma ranar da famfo ya fara wani ƙara da bai saba ba, ba zai zo ya gaya maka ba. Sai ya ƙone ka ji.

Fita ta biyu na rage sauti, na kuma yi wata dabara da nake taƙama da ita. Na yanke zaren kaset na liƙe bakinsa biyu, ya zama yana zagayawa ba tsayawa. Kukan salwa ya yi ta fita ba numfashi, kamar mai tallan da aka biya kuɗin yini. Nan ma ba abin da ya sauka. Ammu bai yi dariya ba wannan karon. Ya kashe akwatin, ya sa na kwanta rub da ciki a kan tsakuwa, ya ce in rufe baki in saurara. Can sai na ji ta gaske daga cikin ciyawa. Ta yi kira sau uku ta yi shiru, shiru mai tsawo har na zaci ta tashi, sannan ta sake. Ammu ya ce mini a hankali, ai tana kira ne ta tsaya ta ji ko an amsa mata. Wanda ba ya tsayawa jin amsa, ko tsuntsu ya san ba da shi yake ba.

Wallahi shirun ya fi muryar wahalar haɗawa. Sai da na ƙona tiransisto huɗu ina canza kwandansa, kafin na samu akwatin ya yi kira uku ya ɗauke na ɗan lokaci, ya kuma tashi da kansa. Abin takaici, na iya saka wa akwatin katako shiru, ni ban saka wa kaina ba. Sau nawa ka zo da magana na tare ka da tawa tun ba ka kai tsakiya ba? Ranar da ka ce kana son koyon aikin wutar lantarki ta hasken rana maimakon zaman shago, sai da na yi maka huɗubar rabin awa, ban tambaye ka ko me ya sa ba. Ga shi yau shi ne ya samo maka aiki. Na gode wa Allah da Ya ba ka taurin kan da ya rinjayi nawa. In ka yi magana da mutum, ka bar masa fili ya amsa, ko da amsar ba za ta yi maka daɗi ba.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni amsa maka. Sau biyu na sha kunya a gaban Ammu, ban so a yi na uku. Na ce a raina sai na gwada akwatin ni kaɗai na tabbatar, sannan in kira shi. Fita bayan gari kuwa sai da mota, motar kuma tasa ce. Sai na hau da akwatin saman benenmu. Ba wai ban san muna cikin Harami ba. Tun ina sabon zuwa aka karantar da ni cewa garin nan ba a farautar dabbarsa, ba a ma firgita ta. Amma na yi wa kaina fatawa: ni ba bindiga gare ni ba, ba raga, sauti kawai zan gwada, kuma wace salwa ce za ta shigo tsakiyar gari? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutane. Na kunna shi da kiran sallar farko, na tsaya na ji ya yi kira uku ya yi shiru yadda nake so, raina ya yi fari. Sai na sauko na yi alwala na tafi Masallacin Annabi, na bar shi yana yi.

Ban dawo ba sai da rana ta fito, domin na zauna lazimi, na kuma tsaya shan shayi a hanya. Lokacin ƙaurar salwa ne. Tsuntsayen nan daga nesa suke tasowa, su ƙetare teku, su iso gari na wayewa ba sauran ƙarfi a fiffikensu. Suna wucewa ta sama suka ji ɗan'uwansu yana kira daga ƙasa, wato nan akwai wurin hutawa, sai suka sauko. Ba ciyawa, ba wurin ɓuya, sai siminti da kwandunan shara. Ka kuma san kyanwoyin Anbariyya.

Ina shigowa layi na ga gashin tsuntsu a warwatse har bakin ƙofarmu. Akwatin yana can sama yana ta kira abinsa. A kan dakalinmu na tarar da Goggo Zulai, tsohuwar da ke gidan da ke kallon namu, wadda ta zo aikin Hajji daga Damagaram tun tana da ƙuruciya ba ta koma ba. Kullum da safe ita ke watsa wa tantabaru hatsi. Ta buɗe bakin mayafinta ta nuna mini salwa bakwai, biyar sun mutu, biyu suna numfashi sama-sama. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Haruna, waɗannan baƙi ne kamar ni da kai. Ka kira su da harshensu, sun yarda da kai sun sauko, kai kuma ka tafi abinka. Ba a ce baƙonka annabinka ba? A garin nan kuma?"

Na hau sama na fizge wayar batir. A can ma na tarar da wasu a bayan tankin ruwa. Ban taɓa jin na muzanta kamar ranar ba. Ni da na dawo daga sahun gaba ina jin kaina wani abu, ashe duk tsawon lazimin nan muryata tana saman bene tana yaudarar bayin Allah. Na je wurin wani malami na faɗa masa, ya ce a wurin yawancin malamai farautar Madina ba ta da fansa irin ta Makka, sai tuba. Da ya ce in yanka rago da na fi samun sauƙi.

Abin da nake so ka sani shi ne yadda mutanen nan suka yi da ni, domin har gobe ina gode musu. Goggo Zulai ta tafi da biyun nan ta yi jinyarsu a kwali, ɗaya ta rayu, ta ba Ammu ya kai ta bayan gari ya saka. Ba ta taɓa faɗa wa kowa a layi abin da ya jawo tsuntsayen ba, har ta koma ga Allah. Ummanka ta share gashin tas kafin maƙwabta su fito sosai, ta kawo mini karin kumallo kamar ba a yi komai ba, kuma shekara ashirin da ɗoriya ko a cikin faɗa ba ta taɓa goranta mini ba. Ka san kuwa Ummanka ba ta rasa abin faɗa in ta so. Shi kuma Ammu da ya ji, sai ya ce laifinsa ne da ya sa ni aikin, alhali ni da shi mun san ba haka ba ne. Ya roƙe ni mu fita da akwatin sau ɗaya inda ya halatta, don kada in rabu da shi da baƙin ciki. Muka fita, muka zauna a gefensa, salwa ta sauka. Da ya samu abin da zai ishi gidansa da nawa, shi da kansa ya miƙa hannu ya kashe ya ce khalas. Wannan fitar ce 'ya'yansa suke ba da labari. Ta saman bene ba su san ta ba, kai ma sai yau.

Maganar Goggo ta daɗe tana cina, saboda ta taɓo inda ban zata ba. Ranar da na fara shigowa garin nan, wanda aka ce zai tarbe ni bai zo ba. Na yi ta yawo da jaka har na zube a gindin masallacin Anbariyya, ba na jin Larabci sai na salla. Sai na ji an ce a bayana, "Ɗan'uwa, daga ina?" Abba, ban tambayi mutumin ko shi wane ne ba. Na tashi na bi shi kamar raƙumi da akala, na ba shi fasfo ɗina ya riƙe mini. Da mugu ne da ya gama da ni a ranar. Allah Ya sa Ammu Salihu ne. Ya kai ni gidansa, ya ciyar da ni, ya nemo mini kafil ɗina, wato wanda ya ɗauki nauyin zuwana, bai bar ni ba sai da ya ga na samu wurin kwana.

Ka ce mini ban da injina, mai gonar zai riƙa aikenka filin jirgi ka ɗauko sababbin ma'aikata daga Nijar da Najeriya, saboda kana jin harsunan biyu. Ka faɗe shi kamar ƙaramin abu. Ba ƙarami ba ne. Mutum zai sauko a gajiye, bai san gabas ba bai san yamma ba, muryarka ce Hausar farko da zai ji. Duk abin da ka ce masa zai yarda. In ka ce ya sa hannu a takarda, zai sa. Don haka kada ka fassara masa rabi ka haɗiye rabi don a ji daɗinka a sama. In ba ka san yadda masaukinsu yake ba, je ka gani da idonka kafin ka ce masa yana da kyau. In ka kai shi kuma, kada ka juya ka tafi a ranar. Ka koma washegari ka ga ko ya ci abinci, ko ya samu ya kira gida. Ba na zarginka da komai, kuma ban san mai gonar da sharri ba. Ni ma ai ban yi nufin sharri ba ranar da na hau bene.

Sauran abubuwan kai ka fi ni sani. Na ji yanzu hukuma ta tsananta a kan farauta, sai da tasrihi, wato takardar izini, da lokaci, da irin tsuntsun da aka yarda, har an ce na'urorin kira ma akwai magana a kansu. Ka bincika da kyau kafin ka taɓa ƙarfen dalma. In an hana, ka gaya wa mai gidanka an hana, cikin ladabi, ko da zai ɓata rai. Gara ya ɓata rai na yini ɗaya da a zo a tafi da kai da iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma a irin wannan ba mai gona ake fara tambaya ba, wanda ya haɗa ake nema.

Ina kuma so in gode maka, tunda baki ba zai iya ba. Shekara uku ke nan idona ya fara gajiya, ƙananan wayoyi suna haɗe mini. Na san kai kake bin aikina da yamma kana gyara inda dalmata ta zarce, ka mayar da murfi ka ajiye kamar ba ka taɓa ba. Masu kaya suna zuwa suna yaba mini, ina karɓar yabo. Ban taɓa ce maka na gani ba, kai ma ba ka taɓa cewa ka yi ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini.

Zanen yana cikin ambulan ɗin nan, a takarda ta biyu. Kwana huɗu na yi ina zana shi da gilashin ƙara girma, in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri. Na san kai ba kaset za ka sa ba, memori za ka sa, sauran duk ɗaya ne. Abu guda na canza. Na cire makunnin da ake murɗawa a bari, na sa na dannawa irin na ƙararrawar ƙofa. Muddin yatsan mutum yana kai, akwati zai yi kira. Ya ɗaga yatsa, ya yi shiru. Ba mai iya kunna shi ya tafi shan shayi.

Mai gonar zai ce wannan wahala ce, kuma gaskiyarsa. Kai ma da ka duba za ka gane cewa guntuwar waya ɗaya ta isa ta haɗe bakin makunnin biyu, cikin minti biyu ka mayar da shi yadda yake a da. Ni ina Madina, ba zan gani ba, ba kuma wanda zai gaya mini. Ban sa shi don na fi ka dabara ba, ka wuce ni tuntuni. Roƙonka nake yi, Abba. Ka bar shi yadda na zana.

Ummanka tana gaishe ka, ta ce yajin da ke cikin kwalba na wata biyu ne in ba ka yi rabo da shi ba. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da wutar lantarki, Ya tsare ka daga cutar da wani ko wani ya cuce ka. Ya sa albarka a hannunka da harshenka, Ya ji ƙan Goggo Zulai da Ammu Salihu, Ya dawo mana da kai garin Manzo lafiya. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna mai gyaran lasifika,
Madina.